Yadda Mai Ciwon Ƙoda Zai Dogara da Hatsi, Wake da Ganye Ba Tare da Ya Cutu Ba

Da zarar likita ya sanar da mutum cewa ƙodarsa ta fara gazawa, wurin da ya fi saurin canzawa a gidansa shi ne madafa. 'Yan'uwa da masu zuwa dubiya sukan taho da hani iri-iri, wannan ya ce kada ya ci wake, wancan ya ce kada ya taɓa ganye ko gyaɗa ko 'ya'yan itatuwa, har a wayi gari babu abin da ya rage masa sai farar shinkafa da ruwan shayi, jikinsa yana zubewa, ƙarfinsa yana ƙarewa. Wannan hani ya samo asali ne daga tsoron sinadarai biyu, wato fotashiyam da fosforas, waɗanda ake samu a abinci kuma suke taruwa a jini idan ƙoda ta kasa fitar da su, kuma tsoron yana da dalili, sai dai ilimin likitanci ya ci gaba daga inda aka tsaya a da. Jagorar da ƙungiyar masana cutar ƙoda ta duniya, KDIGO, ta fitar a shekarar 2024 ta shawarci masu wannan ciwo su yawaita abincin da ya fito daga tsiro fiye da wanda ya fito daga dabba, su kuma rage abincin da aka sarrafa a masana'anta.

A ganina wannan shawara ta zo wa Bahaushe da sauƙi fiye da yadda ta zo wa mutanen da nama da cuku suka zame musu abincin yau da kullum, domin tuwonmu na dawa ne ko masara ko gero, miyarmu ta kuka ce ko kuɓewa ko taushe, kuma wake da gyaɗa ba baƙi ba ne a gidajenmu. Ba a buƙatar sayen wani abinci daga ƙasar waje. Aikin da ke gaban majinyaci da mai yi masa girki shi ne gyara abin da ake da shi: a san adadin da ya dace, a san yadda za a dafa, a kuma cire wasu abubuwa kaɗan waɗanda ake zubawa a tukunya bisa sabo.

Dalilin da ya sa tsiro ya fi yi wa ƙoda sauƙi

Aikin ƙoda shi ne tace jini, ta fitar da dattin da jiki ya tara ta hanyar fitsari. Duk furotin da mutum ya ci, wato sinadarin gina jiki, yakan bar saura da ƙoda za ta fitar, kuma nama da kifi da ƙwai sukan bar wa jini asid mai yawa, alhali ganye da 'ya'yan itatuwa rage shi suke yi. Idan asid ya taru a jini saboda raunin ƙoda, yakan cinye tsoka, ya raunana ƙashi, ya kuma ƙara hanzarta lalacewar ƙodar kanta.

Batun fosforas ma haka yake. Fosforas ɗin da ke cikin wake da gyaɗa da hatsi a ɗaure yake cikin wani sinadari da hanjin ɗan'adam ba ya iya warware shi sosai, don haka abin da yake shiga jini bai cika wuce rabi ba, sau da yawa ma bai kai ba. Na cikin nama da madara ya fi shi shiga jini, amma wanda ya fi kowanne haɗari shi ne wanda masana'antu suke ƙarawa a baƙin lemon kwalba, da naman gwangwani, da tsiran-alade, da sauran kayan leda, domin kusan dukkansa jiki yake zuƙewa. Saboda haka mutumin da aka hana wa cokali uku na wake, aka bar shi yana shan baƙin lemo, an hana masa mai sauƙin ne an bar masa mai cutarwar.

Akwai kuma amfanin dusa da zaren da ke cikin hatsi da ganye, waɗanda suke sa bayan gida ya yi laushi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai ciwon ƙoda, domin idan ƙoda ta yi rauni hanji yakan ƙara ƙoƙari wajen fitar da fotashiyam, kuma wanda bayan gida yake yi masa tauri fotashiyam ɗinsa ya fi saurin hawa.

A fara da takardar gwajin jini

Kafin a canza komai a tukunya, majinyaci ya nemi sanin abubuwa huɗu daga sakamakon gwajinsa, ya kuma roƙi likita ya rubuta masa su. Na farko shi ne eGFR, adadin da ke nuna ƙarfin tacewar ƙoda: daga 59 zuwa 30 mataki na uku ne, daga 29 zuwa 15 mataki na huɗu, ƙasa da 15 kuma mataki na biyar, inda ake fara maganar wankin ƙoda ko dashe. Sauran su ne fotashiyam, wanda daidaitonsa yake tsakanin 3.5 da 5.0, sai fosforas, sai bayikabonet, wanda idan ya sauka ƙasa da 22 yake nuna asid ya fara taruwa a jini.

Muhimmancin wannan shi ne ba kowane mai ciwon ƙoda ne yake buƙatar rage fotashiyam ba. Mutane da yawa da ke mataki na uku fotashiyam ɗinsu daidai yake, kuma hana su ganye da 'ya'yan itatuwa cutarwa ce ba tare da wani amfani ba. Wanda nasa ya haura 5.0, ko ya taɓa haurawa, shi ne zai kula da abin da za a bayyana a ƙasa, idan kuwa ya kai 6.0 to magana ta wuce ta girki, a tafi asibiti nan take, domin fotashiyam mai yawa yana iya tsayar da zuciya ba tare da wata alama ta gabata ba. A kuma sanar da likita duk magungunan da ake sha, saboda wasu magungunan hawan jini masu kare ƙoda, irin su lisinopril da losartan, da kuma spironolactone, sukan ɗaga fotashiyam. Ba a daina su da kai, likita ne zai daidaita su da abincin.

Manyan asibitocin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano da ke Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Maiduguri, da na Sakkwato, suna da masana abincin marasa lafiya, kuma ya kamata majinyaci ya nemi a tura shi wurinsu ko da sau ɗaya ne, ya tafi tare da wadda take yi masa girki, domin ita ce za ta aiwatar da abin da aka faɗa.

Auna furotin

Ga babban mutum da ke mataki na uku zuwa na biyar wanda bai fara wankin ƙoda ba, jagorar KDIGO ta sanya giram 0.8 na furotin ga kowane kilo na nauyin jiki a rana. Wata jagorar ta Amurka, KDOQI, wadda ta fito a 2020, ta sauko har zuwa giram 0.55 zuwa 0.6 ga marasa ciwon sukari, amma wannan sai da kulawar masani na kusa, kuma ba na ba kowa shawarar ya gwada shi shi kaɗai a gida. Idan aka ɗauki 0.8, mai nauyin kilo 60 zai buƙaci kimanin giram 48 a rana.

Domin a ga yadda wannan adadi yake a kwano, kofi ɗaya na dafaffen wake yana ɗauke da kimanin giram 13 na furotin, kofi ɗaya na dafaffiyar shinkafa kimanin giram 4, malmalar tuwon da aka tuƙa da giram 100 na garin dawa ko masara kimanin giram 9 zuwa 10, giram 100 na awara kusan giram 10, gyaɗa cikin tafin hannu ɗaya kimanin giram 7, ƙwai ɗaya kuma giram 6. Shi kuwa dafaffen nama, giram 100 kacal ya kai giram 25 ko fiye, wato sama da rabin kason yini gaba ɗaya, kuma wannan ne ya sa tsire 'yan tsinke kaɗan ko kilishi da dare suke rusa lissafin.

Mai kilo 60 ɗin nan zai iya karyawa da koko da ƙosai uku ko huɗu, da rana ya ci shinkafa da wake da mai da salak na kabeji da albasa, inda waken bai wuce rabin kofi ba, da la'asar ya ci awara 'yan yanka kaɗan, da dare kuma tuwon dawa da miyar kuɓewa ko ta taushe mai ɗan gyaɗa. Idan aka haɗa waɗannan za a samu kusan giram 48 ba tare da nama ya shiga ba. Haɗa hatsi da wake a yini ɗaya yana cike gurbin juna, domin abin da furotin ɗin hatsi ya rasa akwai shi a wake, abin da wake ya rasa kuma akwai shi a hatsi, kuma ba dole ne a ci su a zama ɗaya ba.

Ba wajibi ba ne a bar nama kwata-kwata. Abin nufi shi ne fiye da rabin furotin ya fito daga tsiro, nama ko kifi ya zama ɗan yanka guda a wasu ranakun mako, a kuma nisanci kayan ciki, da kifin gwangwani, da busasshen kifi mai gishiri. Nono da madara suna da fosforas da fotashiyam, don haka mai sha'awar fura ya rage nonon zuwa kamar rabin kofi. Wanda ya zaɓi barin duk abin da ya fito daga dabba, to lallai ne ya riƙa shan bitamin B12, domin babu shi a hatsi ko ganye, kuma rashinsa yana kawo ƙarancin jini da mutuwar jijiyoyin hannu da ƙafa.

Rage furotin ba rage abinci ba ne, kuma a nan ne gidaje da yawa suke kuskure. Jiki yana buƙatar kalori, wato ma'aunin kuzarin da abinci ke bayarwa, 25 zuwa 35 ga kowane kilo a rana, idan bai samu ba sai ya koma cin tsokarsa, dattin da ake gudu ya ƙaru a jini. Don haka a ci a ƙoshi, a sa man gyaɗa ko ɗan manja gwargwado, a riƙa hawa ma'auni kowane mako. Idan nauyi yana raguwa ba tare da kumburi ne yake saɓewa ba, ko sha'awar abinci ta ɗauke, a koma wurin likita.

Wanda ya riga ya fara wankin ƙoda lissafinsa daban ne, domin na'urar tana ɗebe furotin daga jininsa, saboda haka yana buƙatar giram 1.0 zuwa 1.2 ga kowane kilo, wato giram 60 zuwa 72 ga mai kilo 60. Shi ma zai ci wake da awara, amma yawanci sai an haɗa masa da farin ƙwai, wanda fosforas ɗinsa kaɗan ne, ko kifi ɗanye da aka dafa. Yara, da mata masu juna biyu, da tsofaffin da suka rame, ba a rage musu furotin.

Gishiri, dunƙule, kanwa da toka

Idan da za a ce a zaɓi gyara guda ɗaya tak, wannan zan zaɓa, domin gishiri yana ɗaga hawan jini, yana tara ruwa a jiki, yana kuma ƙara zubar furotin a fitsari. Iyakar da aka sanya ita ce ƙasa da giram 5 na gishiri a rana, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya a shafe, kuma wannan ya haɗa da duk gishirin da ke ɓoye a cikin wasu abubuwa. Dunƙulen ɗanɗano irin su Maggi kusan rabin nauyinsa ko fiye gishiri ne, don haka miyar da aka jefa wa dunƙule biyar aka kuma barbaɗa mata gishiri ta wuce iyaka tun kafin a sauke ta. Haka yajin tsire, da garin ɗanɗanon da ke cikin taliyar leda, da ƙuliƙulin kasuwa, da soyayyiyar gyaɗa mai gishiri, da burodi.

Hanya mafi sauƙi ita ce uwargida ta auna cokalin gishirin majinyaci da safe ta ajiye a ɗan kofi, ta ɗebe masa miyarsa kafin ta sa wa sauran mutanen gida gishiri da dunƙule, sannan ta ɗanɗana tasa daga cikin abin da ta auna. Daddawa marar gishiri, da albasa, da tafarnuwa, da citta, da masoro, da kanumfari, da tsamiya, da lemon tsami suna ba miya ɗanɗano ba tare da sun cutar ba, kuma harshe yakan saba cikin 'yan makonni.

Kanwa kuwa mutane ba sa lissafa ta cikin gishiri saboda ba ta da ɗanɗanonsa, alhali yawancinta sodiyam ce, wato sinadarin da ya sa gishiri yake ɗaga hawan jini. Ana sa ta a wake don ya yi saurin nuna, a kuɓewa da kuka don yauƙi, a ɗanwake, a tuwon dawa, ga kuma kunun kanwa. Mai ciwon ƙoda ya rage ta iya ƙoƙarinsa, kuma waken da aka jiƙa tun dare yana nuna da wuri ba tare da ita ba. Ruwan toka da wasu suke amfani da shi a madadin kanwa ya fi ta haɗari, domin toka cike take da fotashiyam. Haka nan gishirin da ake sayarwa a manyan kantuna da sunan na masu hawan jini, wanda aka musanya sodiyam ɗinsa da fotashiyam: ga mai raunin ƙoda, sayensa an gudu ne ba a tsira ba.

Idan fotashiyam ya hau

Fotashiyam yana narkewa a ruwa, kuma wannan ne ya ba mai girki dama. Doya, da dankalin Hausa, da dankalin turawa, da gwaza duk suna da shi da yawa, amma idan aka fere su, aka yanka ƙanana, aka tafasa cikin ruwa mai yawa, aka zubar da ruwan, aka sake zuba sabo aka ƙarasa dafawa, kusan rabinsa yakan fita. Suya ko gashi ko turarawa ba sa fitar da shi, don haka soyayyen dankali da gasasshiyar doya ba su dace da wanda fotashiyam ɗinsa ya hau ba. Faten doya da ake dafawa a cikin ruwansa ma haka, sai dai a fara tafasa doyar daban a tsiyaye.

Wake a jiƙa shi tun dare, a zubar da ruwan jiƙon, a tafasa da sabon ruwa, a tsiyaye kafin a haɗa shi da shinkafa ko mai. Alayyahu da zogale da rama da yakuwa a tafasa su a matse ruwan, kamar yadda ake yi idan za a yi kwaɗo, sai dai a rage ƙuliƙulin. Abin da nake jan hankali a kansa ƙwarai shi ne busasshen garin zogale da ake sha cokali-cokali da sunan magani, domin busar da ganye tattara sinadaransa yake yi wuri guda, kuma babu wata hujja da ta tabbatar cewa yana warkar da ƙoda. Tumatirin gwangwani ko na leda shi ma tattararre ne, gara a yi amfani da ɗanye kaɗan a ƙara albasa da tattasai.

Cikin 'ya'yan itatuwa, abarba da tuffa da kankana suna da ɗan abin da ya haura miligiram 100 na fotashiyam a kowane giram 100, ayaba tana da kusan 360, gwaiba ta haura 400, dabino kuwa ya haura 600. Ma'anar wannan ita ce a zaɓi na farkon, a kuma tsaya ga yanka ɗaya ko biyu, domin kankana ma idan aka sha rabin ƙwallo ta zama mai yawa. Fiya, da ruwan kwakwa, da kunun aya, da ruwan 'ya'yan itatuwan da aka matse duk a bar su har sai gwaji ya dawo daidai. Lokacin azumi, ƙwayar dabino ɗaya ta wadatar wajen buɗa-baki, kuma wanda ke mataki na huɗu ko na biyar ya tuntuɓi likitansa kafin ya ɗauki azumin, domin ƙishirwa mai tsawo a lokacin zafi tana iya ƙara raunana ƙoda. Kabeji, da kokwamba, da latas, da albasa, da yalo suna cikin kayan lambun da suka fi sauƙi.

Game da awara, wadda ita ce mafi kusa da nama a wurin mai wannan tsari, a tambayi abin da aka haɗa ta da shi. Wasu masu sana'ar suna amfani da alimun, wanda ake kira alif, kuma yana ɗauke da alminiyam da ƙoda mai rauni ba ta iya fitarwa. Ta gida da aka haɗa da ruwan tsami ko lemon tsami ta fi aminci, sannan a ci ta da yaji marar gishiri.

Mai ciwon sukari, ciwon da shi da hawan jini su ne manyan musabbaban lalacewar ƙoda, zai ƙara kula da girman malmalar tuwo da sukarin da ake zubawa a koko, ya fifita dawa da gero da ba a surfe su sosai ba a kan farar shinkafa. Ruwan sha kuwa ba a rage shi sai likita ya ce a rage, wanda yawanci yake faruwa idan akwai kumburi, ko fitsari ya ragu, ko an fara wankin ƙoda. A guji jiƙe-jiƙen saiwoyi da haɗe-haɗen da ake talla da sunan wanke ƙoda, haka kuma magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda ake saye a kemis ba tare da takardar likita ba, domin suna iya rushe a mako guda abin da aka yi watanni ana tattalawa.

Canjin a yi shi a hankali. A makon farko a gyara gishiri da dunƙule da kanwa, a bar baƙin lemo da kayan gwangwani, daga nan a fara musanya naman rana da wake ko awara, sannan a ƙara ganye da ɗan itace ɗaya a yini. Bayan makonni biyu zuwa huɗu a sake gwada fotashiyam, musamman ga wanda ke mataki na huɗu ko na biyar ko yake shan magungunan da aka ambata, a kuma tafi wa likita da rubutaccen abin da aka ci cikin kwana uku na ƙarshe domin ya ga inda gyara yake. Idan kafin ranar gwajin majinyaci ya ji kasalar tsoka da ba a saba ba, ko bugun zuciyarsa ya rikice, ko numfashi yana yi masa wuya, ko kumburi ya ƙaru a ƙafa da fuska, ko amai ya ƙi tsayawa, kada a jira ranar da aka ba shi, a kai shi asibiti a ranar.